Anti, Malamina Ya Ce Babi Na Biyu Ba Shi Da Nama

Assalamu alaikum Anti. Ya iyali, ya ɗawainiya da mu? Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta kimiyyar muhalli a wata jami'a. Furojet ɗina a kan ruwan Jakara ne da ake noman rani da shi a Kano, ina son in gano ko akwai ƙarafa masu guba a cikin ganyen da ake nomawa a bakinsa. Sau biyu ina kai wa malamin da ke duba ni babi na biyu, sau biyu yana dawo min da shi. Karon farko ya rubuta da jan biro wai ba nama. Karo na biyu ya ja layi a ƙarƙashin manazartata ya ce duk shafukan intanet ne marasa asali. Wallahi Anti na nema. Na kwafe taken aikina gaba ɗaya na zuba a Google, ba abin da ke fitowa sai masu sayar da furojet, sai wasu maƙalu da in na taɓa a ce in biya dala 40. Laburarenmu sau ɗaya na shiga tun ina aji ɗaya, na ga littattafai sun yi ƙura na fito. Data tana cinye min kuɗi, ga shi wata biyu ya rage a karɓi aiki. Wani a bizines santa ya ce in kawo dubu 20 ya ba ni cikakke daga babi na ɗaya har na biyar, ƙawayena biyu har sun biya. Babanmu bai san halin da nake ciki ba, kullum cewa yake ya kusa yaye injiniyar muhalli. Don Allah me zan yi?

Ƙanwarki, daga Fagge.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Iyali lafiya lau, Allah ya bar zumunci.

Mu fara da dubu 20 ɗin nan, don na lura ita ce ta hana ki barci, sauran tambayoyin rakiya suka yi mata. Ki bar ta a jakarki. Ba zan yi miki wa'azi ba, kin san hukuncin ha'inci tun kina Islamiyya. Labari zan ba ki. Lokacin da nake duba kundayen ɗalibai an taɓa kawo min wani aiki a kan gurɓatar ruwa a wata unguwa ta Kano, an buga shi tsaf, bango har ƙyalli yake. Ina cikin karanta bayanin wurin bincike sai na ga wai yawancin mazauna unguwar masunta ne da ke fita teku da kwalekwale, kuma ana ruwan sama kusan duk shekara. Mai sayarwar ya bi ya goge sunan garin asali ya sa Kano ko'ina, amma ya manta da tekun. Na kira yaron na ce ya zo mu hau adaidaita ya kai ni in ga tekun nan da idona. Ya kasa ɗaga kai. Fayil ɗaya ne a kwamfutar mutumin nan naki, shi ya sayar wa ƙawayenki biyu, shi ya sayar wa 'yan bara, kuma ranar kare aiki yana shagonsa yana buga wa wasu katin biki.

To, kin ce kin nema ba ki samu ba. Na yarda kin wahala, amma ban yarda babu ba. Rafukan Arewa kaɗan ne aka yi wa rubutu kamar Jakara. Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba. Abin da ya faru da ke shi ne kin jefa taken aikinki ɗungurungum, alhali masu sayar da furojet su ne ke gina shafukansu da irin waɗannan dogayen take, daidai don su kama ɗalibi irinki. Masanin da ya ɗebi ƙasar lambu a unguwar Kwakwaci ta Kano ya auna bai san takenki ba, da nasa kalmomin ya rubuta. Sai kin nemo shi da kalmominsa.

Kafin ki sake ƙona data, ɗauki biro ki amsa wa kanki: wane ruwa, wane ƙarfe, wane ganye, wane lokaci? Kalmar Jakara ita kaɗai ba ta isa ba. Ramin Jakara daga cikin birni yake fitowa, abin da yake kwasa a hanya yawanci ruwan kwatami ne, da na abbatuwa, da na garejin makanikai da kasuwanni. Rafin Getsi kuma shi ke ɗauko ruwan masana'antun Bompai. Can gaba suke haɗewa su gangara madatsar Wasai. Masana'antun Sharada da Challawa kuwa nasu ruwan ta kudu yake bi, zuwa kogin Challawa, ba ruwansa da Jakara. Kin ga ke nan lambun da ke sama da mahaɗar Getsi da wanda ke ƙasa da ita ba ruwa ɗaya suke sha ba. Idan kuromiyam kike nema, wanda kamfanonin fata ke jima da gishirinsa, dole ki san ta wane rafi zai shigo. Ki tsaya a kan ƙarafa uku, a ganina dalma da kadmiyam da kuromiyam, da ganye biyu, latas da alayyafo, a wuri biyu ko uku. Kuɗin awo a ɗakin gwaji bisa yawan samfur da yawan ƙarfe ake lissafa shi, kada ki ɗauko abin da aljihun Baba ba zai iya ba.

Da kin yi wannan, kalmomin nema sun fito da kansu. Ki bar Google na kowa da kowa, ki buɗe Google Scholar, wanda maƙalun ilimi da kundaye yake tattarawa. Rubuta kalma uku ko huɗu kawai: Jakara "heavy metals" vegetables. Alamar zancen nan da na sa tana hana shi raba kalmomin biyu. Ki cire Jakara ki sa Getsi, ki cire ki sa Bompai, ki cire ki sa Wasai. Ki gwada "wastewater irrigation" Kano. Masana ba su cika rubuta alayyafo da sunansa na kasuwa ba, Amaranthus suke cewa, latas kuma Lactuca sativa. Sannan ki tuna yadda ake rubuta sunayenmu da Turanci: ke kin san Kwakwaci, takardun kuwa Kwakwachi suka sani, Challawa wani ya sa l ɗaya wani ya sa biyu. Harafi ɗaya yana iya ɓoye miki maƙala goma.

Zan ba ki bakin zare guda biyu. A 2003 Tony Binns da Roy Maconachie da A. I. Tanko sun wallafa maƙala a kan ruwa da ƙasa da lafiya a noman lambun cikin Kano da kewayenta. A 2011 kuma Nafiu Abdu da abokan aikinsa, ciki har da Agbenin da Buerkert, sun fitar da bincike a kan ƙarafan da ke cikin ƙasar lambunan Kano, har suka kwatanta ta da ta Bobo-Dioulasso a Burkina Faso da Sikasso a Mali. Ki rubuta sunayen nan tare da Kano za su fito. In sun fito, duba ƙarƙashin kowace za ki ga an rubuta Cited by da wata lamba. Taɓa nan, zai jero miki duk waɗanda suka ambaci maƙalar a nasu aikin bayan fitarta. Ki kuma je ƙarshen maƙalar ki karanta manazartarta, nan za ki ga waɗanda suka riga ta. Kamar yadda ake bin dangi ne a gidan biki: kin samu gwaggo guda, ta nuna miki iyayenta, ta nuna miki jikokinta. Kafin la'asar za ki tara sunaye fiye da yadda za ki iya karantawa.

Saura masu neman dala 40. Kada ki biya ko sisi. A ƙarƙashin kowace maƙala a Scholar akwai wurin da aka rubuta All versions, sau da yawa ɗaya daga cikinsu kwafi ne na kyauta da marubucin ko jami'arsa suka ajiye. In akwai PDF a gefe, shi ke nan. In babu, kwafe taken ki kai CORE, wanda ke tattaro takardu daga rumbunan jami'o'in duniya. In kina da kwamfuta ki sa mata Unpaywall, zai riƙa nuna miki koren kwaɗo a duk maƙalar da ke da halastaccen kwafi na kyauta. In duk sun ƙi, to a shafin farko na maƙalar akwai imel ɗin marubucin. Rubuta masa layi huɗu cikin ladabi: ke wace ce, me kike bincike, wace maƙala kike roƙo. Ɗalibai suna jin nauyin wannan, ban san dalili ba. Mutumin da ya yi shekara biyu yana fama da samfurin ƙasa, aka wallafa, ba wanda ya taɓa ce masa sannu, in ya ga saƙo daga wata ɗaliba a Fagge tana neman aikinsa, daɗi yake ji.

Akwai kuma inda tun asali ba a rufe ƙofa ba. AJOL taska ce ta mujallun ilimi na Afirka, tun 1998 take aiki, kuma mujallun jami'o'in Najeriya da yawa suna ciki, har da mujallar kimiyya ta Jami'ar Bayero da ake kira BAJOPAS. Irin aikinki can ya fi yawa, don wanda ya auna latas ɗin Kano yawanci a gida yake wallafawa. DOAJ, da aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, jerin mujallu ne da kowa ke karantawa kyauta. Jami'ar Ahmadu Bello tana da rumbun kundaye a intanet mai suna Kubanni, za ki samu kundayen digiri na biyu da na uku cikakku. Ki kuma leƙa shafin IWMI, cibiyar binciken ruwa da ke da ofis a Accra. Sun yi aiki mai yawa a kan latas da kabejin da ake nomawa da ruwan kwata a Accra da Kumasi, matsalar tamu ce sak, kuma kyauta suke saka littattafansu.

Yanzu laburare. Nan zan ɗan ja kunnenki. Kin shiga, kin ga ƙura, kin fito, ba ki yi wa kowa magana ba. Ai ba littattafan kan kanta ne dukiyar wurin ba, mutumin da ke zaune bayan tebur ne. Ni ma na yi irin taki. Ina ajin ƙarshe na yi mako biyu ina zagaya kantoci ina ƙunƙuni, har wani dattijo ma'aikacin wurin, mai farar hula da tabarau ɗaure da zare, ya kira ni ya ce, 'yata, kullum kina wucewa kamar mai neman akuyar da ta ɓata, me kike nema? Na faɗa masa. Ya buɗe durowa ya ɗauko makulli, ya kai ni wani ɗaki da ban taɓa sanin akwai shi ba, ya sauko min da kundaye uku masu baƙin bango. A ɗaya daga cikinsu na samu taswirar da na yi wata guda ina nema. Bai karɓi komai ba sai na gode.

Saboda haka ranar Litinin ki ɗauki katin makarantarki ki je, ki yi sallama, ki gaishe su kamar yadda za ki gaida iyayenki. Ki ce a nuna miki ɗakin kundaye, da sashen mujallu, da sashen kwamfutoci. Sannan ki yi wannan tambayar da bakinki: makarantarmu tana cikin Research4Life? Shiri ne da ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallun da ake sayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fara da HINARI a 2002, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta biyo da AGORA a 2003, sai OARE na muhalli a 2006, wanda Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa tare da Jami'ar Yale. Ɗalibi ba ya yin rajista da kansa, makaranta ce ke yi, kalmar sirrin kuma a laburare take. Ki tambayi duk wata taskar da makarantar ke biya wa kuɗi. Abin takaici ne a ce an biya, ɗalibai suna waje suna kuka da dala 40, kalmar sirri tana kwance a durowa don ba wanda ya tambaya.

In kin koma wurin kantocin, yawancin laburarorin jami'o'inmu da haruffa suke jera littafi. GE kimiyyar muhalli ce, TD gurɓatar ruwa da tsaftar gari, S noma da ƙasa. Kada tsufan littafi ya kore ki. Yadda ƙasa ke riƙe ƙarfe da yadda saiwa ke zuƙarsa bai canza ba tun da aka buga shi. Alƙaluma ne ke tsufa, su kuma a mujallu za ki samo sababbi. Kundayen 'yan shekarun baya na sashenku kuwa, ki karanta su don ki ga inda suka ɗebi samfur, da wane ɗakin gwaji suka kai, da abin da suka ce a bincika nan gaba. Ban da kwafe babi na biyunsu. Malaminki ne ya duba rabinsu, ya san su kamar yunwar cikinsa.

Ga wani wuri da nake so ki nutsu sosai, don nan ɗalibai masu irin aikinki suka fi zamewa, har da waɗanda aka wallafa musu. Lamba ita kaɗai ba ta cewa komai sai an gwada ta da ma'auni, kuma ma'aunin ruwan sha daban, na ban-ruwa daban, na ganye daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 a lita, kadmiyam 0.003, kuromiyam 0.05. A littafin Hukumar Abinci da Aikin Gona na Ayers da Westcot na 1985 kuwa, wanda ya yi magana a kan ruwan ban-ruwa, dalma 5.0 ce, kadmiyam 0.01, kuromiyam 0.1. Dubi dalma: ninki 500 ne tsakaninsu. In kika ɗebo ruwan Jakara kika gwada shi da ma'aunin ruwan sha kika ce ya zarce, sai a tambaye ki wa ya ce miki ana shan sa. Na ganye kuma yana cikin ƙa'idojin Codex, wato ma'aunin abinci na ƙasa da ƙasa, dalma miligiram 0.3 a kilo, kadmiyam 0.2 a ganyayyakin ci. Amma wannan a ɗanyen ganye ne, ɗakin gwaji kuma busasshe yake aunawa. Latas da alayyafo kusan kashi 90 cikin 100 ko fiye na nauyinsu ruwa ne, don haka lambar busasshe tana iya ninka ta ɗanye sau goma. Ki auna nauyin ganyenki kafin a busar da bayan an busar, ki rubuta duka biyun. Duk maƙalar da kika karanta kuma ki duba da wanne ta yi lissafi kafin ki jera lambarta kusa da taki.

Waɗannan takardu duk suna shafukan hukumominsu kyauta, ki ɗauko daga tushe, kada ki ɗauko daga bakin wani da ya ce ya gani. Ki haɗa da jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 a kan amfani da ruwan kwata a noma. Na gida kuma akwai ma'aunin ruwan sha na SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, wato NIS 554, da dokar 2009 ta NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a kan abin da masaƙu da masana'antun fata za su iya zubarwa. Wani abu a gefe: kusan duk ɗalibin da zai rubuta dalma sai ya buɗe da Zamfara ta 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Ki ambata in kina so, amma ki faɗi gaskiyar hanyar. Can ƙurar dutsen zinare ce da ake niƙa a cikin gidaje, ba ganyen miya ba.

Ba duk abin da ya fito a Scholar ne abin dogaro ba. Akwai mujallun ci-da-ceto, ka biya yau a buga maka jibi, ba wanda ya karanta. Za ki gane su da faɗin suna, mujalla ɗaya wai ta kimiyya da injiniyanci da kasuwanci da addini. Kasancewar mujalla a AJOL ko DOAJ rariya ce ta farko, amma ta biyu idonki ne. Je sashen hanyar bincike. Ya faɗi inda ya ɗebi samfur da watan da ya ɗeba? Guda nawa? Da wace na'ura ya auna, ya maimaita awon? In ya ce kawai an ɗebo samfur a Kano, ajiye shi. Su kuma ChatGPT da 'yan'uwansa, na san kuna amfani da su, ba sai kin rantse ba. Ki ba shi sakin layi mai wuya ya warware miki, wannan ba laifi. Amma kada ki ce ya ba ki manazarta. Zai ƙago miki sunan farfesa da shekara da lambar shafi, duk su yi kama da gaskiya, maƙalar kuwa ba a taɓa rubuta ta ba. Duk abin da ba ki buɗe da hannunki kin karanta ba, kada ya shiga aikinki.

Taswirar wurin bincike ki yi da kanki. Google Earth Pro na kwamfuta kyauta ne, yana da alamar agogo da ke mayar da ke hotunan shekarun baya, sai ki ga yadda gine-gine suka ci lambuna da inda aka rufe ramin da kankare. Hotunan tauraron ɗan adam na Landsat suna komawa har 1972 kuma tun 2008 kyauta ne, sai dai ɗigo ɗaya nasu na yanzu mita 30 ne, ya fi fangalin latas girma nesa ba kusa ba, ba za su yi miki amfani sosai ba. Wayarki ta isa ta ba ki lambobin GPS na kowane wurin da kika ɗebi samfur, wani ɗan ajinku da ya iya QGIS, manhajar zana taswira, ya ɗora miki su cikin awa guda. In kina bukatar rahoto daga ma'aikatar muhalli ta jiha ko ofishin NESREA, karɓi takardar gabatarwa daga shugaban sashenku tukuna, kuma ki sa a ranki sai kin koma fiye da sau ɗaya. Da wata biyu a hannu, kada ki jingina aikinki a kansu.

Maganar data: kada ki karanta a kan layi. Ki sayi filash, ki je sashen kwamfutocin laburare ko duk inda makaranta ke da intanet, ki sauke abin da za ki sauke, ki karanta a gida. Kowane fayil ki canza masa suna nan take, sunan marubuci da shekara, in ba haka ba bayan mako guda za ki ga fayil 30 masu suna iri ɗaya. Manhajar Zotero kyauta ce kuma za ta jera miki manazarta yadda sashenku ke so. In kwamfutar ta aro ce, littafin rubutu ma ya isa. Kowace maƙala shafi guda: wa ya rubuta, yaushe, a ina, samfur nawa, rani ko damina, ɗanye ko busasshe, me ya samu, me ya bari.

Wannan littafin shi zai ba ki naman da Malam yake nema. Na san irin babin da kika kai masa ko ban gani ba: wane ya ce, wane ma ya ce, wance ta ce, an jera su kamar masu layin fetur, ba mai yi wa wani magana. Abin da yake so shi ne ki zaunar da su a tabarma ɗaya. Wannan ya samu kadmiyam da yawa, wancan ya samu kaɗan, me ya sa? Ko don ɗaya a watan Maris ya ɗeba lokacin da ruwan ya ja baya ya yi kauri, ɗayan kuma a Agusta bayan ruwan sama ya tsinka shi? Ko ɗaya sama da mahaɗar Getsi yake ɗayan ƙasa? Ko lissafin ɗanye da busasshe ne? In kika bi su haka za ki isa inda ba wanda ya taɓa, ko aka daɗe ba a taɓa ba, nan ne naki aikin zai zauna. Maƙala 25 zuwa 30 sun isa digirin farko, amma guda goma daga ciki ki san su ciki da bai. Bayan kwana goma ki kai wa Malam jerin, ba babin ba, ki ce Malam ga abin da na samu, wanne ne na rasa? Malamin da ya rubuta ba nama da jan biro, in ya ga wannan jerin, da wuya bai buɗe kwamfutarsa ya ƙara miki biyu ko uku ba.

Ki faɗa wa Baba. Ba sai kin kawo zancen bizines santa ba. Ki ce aiki ya kai matakin awo, ga lissafin ɗakin gwaji, ga na filash, ga na mota. Mutumin da yake kiran ki injiniya tun ba ki gama ba zai fi son ya ji yanzu da ya ji bayan an liƙa sakamako.

Sai manoman. Su ma madogara ne, kuma sun san abin da ba ya cikin AJOL: watan da ruwan ke canza launi, ranakun da yake wari daban, wane ganye ne ke ƙonewa in an ba shi. Ki fara da gaida shugabansu ki faɗa masa ke ɗaliba ce, ba daga hukuma kike ba, don an sha zuwa ana ɗaukarsu hoto sai su ji kansu a rediyo ana cewa suna sayar da guba. Kada kalmar guba ta fito daga bakinki a lambun mutum, ba ki auna komai ba tukuna, kuma da wannan ruwan yake ciyar da gidansa. Ki sayi ganyen da za ki ɗiba, kada ki roƙa. Ki tafi da yayanki ko ƙaninki da sassafe lokacin da suke ban-ruwa, da safar hannu, da robobi masu tsabta da kika riga kika rubuta wa lamba tun daga gida. Takalmin roba za ki sa, ba silifas ba, bakin ramin yana da santsi.